Ƙofar Baba a Dandali

Tun daga kan matakalar bene Auta ta san yau akwai magana. Takalman Gwaggo ne a bakin ƙofa, a gefensu kuma wasu baƙaƙen sau-ciki masu ƙyalli, waɗanda ko a mafarki ta gan su ta san na Injiniya ne.

Ta gyara riƙon jakar da ta ciko da littattafan ɗalibanta, ta yi sallama ta shiga.

Gwaggo ce kawai ta amsa, ita ma a ciki-ciki. Baba na zaune a kujerarsa, tabarau a kan hanci, wayar Injiniya a hannunsa. Bai ɗago ba.

"Zo nan," ya ce.

Ta ajiye jakar ta durƙusa a gabansa. Ya juyo mata da fuskar wayar.

Ta ƙura wa wayar ido.

Hoton wata shuɗiyar ƙofa ce, fentinta ya koɗe daga ƙasa. Tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar babban dandalin gari, babu bango a dama, babu a hagu. Wata budurwa mai baƙin tabarau ta jingina da ita tana wa kyamara murmushi.

"Ƙofar waye wannan?"

"Tamu ce, Baba."

"Ranar da katafila ta shigo unguwa me na ce muku?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka ce a bar komai. Ka ce ko ƙusa kada a ɗauko."

"To ya aka yi ta je can?"

Shekara biyu ke nan da aka rushe unguwarsu don a yi gadar sama. Baba, wanda ya yi shekara arba'in yana aikin kafinta a unguwar, ya fito da kayan sawarsa da akwatin kayan aikinsa kawai, bai ƙara waiwayar wurin ba. Ita ce ta koma washegari, ta tarar da wani dogon saurayi yana bin gidaje yana roƙon mutane su ba shi ƙofofinsu kafin a murƙushe su. Da hannun hagu yake riƙe guduma, shi ya sa kowa ke ce masa Bahago. Ta ba shi ƙofarsu. Daga ƙofa magana ta wuce zuwa wani wurin, har ta kai yau wata takwas ke nan yana neman izinin zuwa gaishe da Baba, Baba yana cewa ba shi da lokaci.

"Ta ƙofar nan aka shigo min da mahaifiyarki," Baba ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta ƙofar nan aka fitar da ita ranar da Allah ya karɓi abarsa. Shi ne kika ɗauka kika ba mai tsince-tsince, ya kafa ta a titi, kowa ya zo ya shafa, kowa ya zo ya jingina."

Hawaye masu ɗumi suka gangaro mata.

"Baba, ba wulaƙanci ya yi nufi ba. Baje kolin fasaha ne. So yake mutane su tuna akwai waɗanda suka rayu a wurin nan."

"Fasaha," Gwaggo ta maimaita tana taɓe baki. "Mutum ya gama jami'a ya ƙare a bin juji, a ce wai fasaha. In zane ne ya zana mana doki ko fure mu gani mana. Ranar nan fa aka nuna min wani aikinsa a waya, tsofaffin makullai ne ya rataye a zare. Na ce to, Allah ya ba shi lafiya. Ke ko tausayin kanki ba kya ji? Ga yaro ɗan mutunci, shekara guda yana zarya a kanki, ko ruwa ba kya kawo masa sai an yi miki magana."

Injiniya ya gyara zama. Ɗan ƙanen mijin Gwaggo ne, mutum mai tsafta da lallausar murya, wanda bai taɓa yi wa Auta komai ba illa dai zuciyarta ta ƙi shi.

"Gwaggo, a bi ta a hankali," ya ce. "Ni wallahi ba don in haɗa faɗa na nuna ba. Wucewa na yi na gani, na ga bai dace a ce Baba bai sani ba. Idan Baba ya yarda, na san wani a ofishin da ya ba su izini. Waya ɗaya ce, gobe a kwashe tarkacen gaba ɗaya."

"Ban sa ka ba," Baba ya ce. "Ƙofata kawai nake so. Gobe da safe ka zo ka kai ni, ka samo mana motar ɗaukar kaya."

"An gama, Baba."

Sai a lokacin Baba ya cire tabarau ya dubi 'yarsa sosai.

"Ban yi wa yayyenki dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Amma wancan yaron mai tsince-tsince, in dai da yardata za a yi, to ba za a yi ba. Gwaggonki ta ce iyayen Injiniya suna son zuwa mako mai zuwa. Ki je ki yi tunani."

Auta ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Baba, ka ba ni izini in je in faɗa masa da bakina. Kada ya gan ku gobe kwatsam."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Je ki. Ki dawo kafin rana ta faɗi."

Gidan baje kolin tsohon ɗakin ajiyar kaya ne da aka shafe da farin fenti ciki da waje. Rabin aikin Bahago yana can dandali, rabi yana nan. Auta ta wuce ɗakin farko, inda wata mai fasaha ta jera talabijin goma, kowace tana nuna ƙafafuwan mutane kawai suna tafiya. Wasu maza biyu sun harɗe hannu suna kallo suna gyaɗa kai. Da wata rana ce da ta yi dariya.

A ɗaki na biyu ta same shi a kan tsani. Ɗaruruwan makullai ne ke reto daga rufi, kowane a bakin siririn zare, makullan gidajen da babu su yanzu. Fanka na kaɗa su a hankali, suna ba da wani sauti kamar yayyafi a kan kwano.

Yana ganin idanunta ya sauko.

"Me ya faru? Waye ba lafiya?"

"Baba ya ga ƙofar."

Fuskarsa ta washe. "Ya je dandalin? Me ya ce?"

"A waya aka nuna masa. Gobe zai je ya ɗauke ta. Bai san tana wurinka ba."

Bahago ya tsaya yana kallonta kamar bai ji da kyau ba.

"Kin ce min ya yarda."

"Na sani."

"Sau biyu na tambaye ki. Ranar da na ɗauko ta, da ranar da za mu kafa su. Kika ce ya ce ba komai."

"Ƙarya na yi maka."

Ta zauna a kan wani benci ta rufe fuska, kuka ya ƙwace mata. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jawo wani akwati ya zauna nesa kaɗan da ita, ya haɗe hannayensa.

"Ƙofa arba'in da ɗaya ce a wurin nan," ya ce a hankali. "Babu wadda ban zauna da mai ita ba. Wata tsohuwa sai da na je gidan 'yarta sau bakwai kafin ta amince. Wanda ya ce a'a na mayar masa da abarsa. Abu ɗaya da nake tinƙaho da shi ke nan, ban saci baƙin cikin kowa ba. Ashe na saci na mahaifinki."

"Kada ka ce haka, don Allah."

"To me zan ce?"

"Na ga katafila ta doso gidanmu," ta ce cikin shessheƙa. "A bayan ƙofar nan Mama take auna tsawonmu, ta ja layi da fensir. Layina yana nan, na yayyena yana nan. Na kasa barin ta. Da na kawo ta gida kuma Baba ba zai bari ta shiga ba. Daga baya da ka ce za ka kafa su, na so in faɗa maka gaskiya, sai na ji tsoro kada ka ga ni maƙaryaciya ce ka fita harkata. Kullum sai in ce gobe."

Ya miƙo mata hankici.

"Za ka rabu da ni ko?"

"Na ji zafi," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ma ina da nawa laifin. Na je wurin mutum arba'in, na kasa zuwa wurin mutum ɗaya, don ina tsoronsa. Da kika ce ya yarda sai na ji daɗi an sauƙaƙe min. Can cikin raina na san mutumin da ya ƙi ganina wata takwas ba zai ba ni ƙofarsa ta bakin wani ba."

"Sun ce iyayen Injiniya za su zo mako mai zuwa."

Ya runtse ido, ya buɗe.

"Ke me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Ba zan aure shi ba, ko da zan tsufa a gidanmu. Amma ba zan iya auren da Baba ba ya sa wa albarka ba. Ni kaɗai na rage masa a gidan nan. In na tafi yana fushi da ni, wa zai..."

"Ban taɓa so ki zaɓa tsakanina da shi ba," ya ce. "Ki share hawayenki ki koma gida kafin lokacin da ya ba ki ya cika. Gobe zai same ni a wurin, da kayan aikina. Ni na kafa ta, ni zan cire masa ita."

"Idan ya ci maka mutunci fa a gaban mutane?"

Ya ɗan murmusa, murmushin da bai kai ido ba.

"Yana da gaskiyarsa. Ko ba komai, a ƙarshe dai zai ga fuskata."

Washegari da hantsi motar Injiniya ta tsaya a bakin dandali, motar ɗaukar kaya na biye da ita. Baba bai hana Auta zuwa ba, bai kuma yi mata magana a hanya ba.

Ya fito ya tsaya.

Hoton waya ƙofa ɗaya ya nuna masa. A nan kuwa ƙofofi ne tsaye birjik, kowace a cikin firam ɗinta na katako, an ɗaure da ƙarfe a ƙasa. Ba a jere suke kamar a shago ba. An ja layin lunguna da farin fenti a kan daɓe, kowace ƙofa tana daidai inda gidanta yake a da, wannan na kallon wannan, waccan a kan kwana. Daga nesa ana hango sabuwar gadar, motoci na gudu a kanta.

Kuma wurin cike yake da murya. Duk ƙofar da aka tura, sai wata 'yar sifika da ke maƙale a samanta ta fara magana da muryar mai gidan. Wata na ba da labarin ranar da ruwa ya shigo musu ɗaki. Wani na lissafa sunayen 'ya'yansa tara. Wata tsohuwa waƙar raino kawai take yi.

Ba tare da an nuna masa hanya ba Baba ya bi lungun farko, ya karya dama, kamar yadda ya yi shekara arba'in yana yi.

"Kafinta! Ashe kana raye?"

Wani tsoho ne zaune a kan 'yar kujera a gaban wata koriyar ƙofa, da filas ɗin shayi a gefensa. Tela ne, maƙwabcinsu na da, abokin tsokanar Baba tun suna samari. Bayan rusau ɗansa ya ɗauke shi zuwa can ƙarshen gari, ba su sake haɗuwa ba.

Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Sun daɗe a haka.

"Ina haƙoranka suka tafi?" Baba ya ce da ƙyar.

"Inda gashin kanka ya tafi. Yau kwana shida kullum ina nan tun safe. Mota biyu nake hawa. Jiya mai wanki ya zo, shekaranjiya matar mai gyaran rediyo ta zo da jikokinta, muka yi ta kuka muna dariya kamar mahaukata. Kowa sai ya tambaye ni ina Kafinta. Na ce girman kai ya hana shi fitowa, kamar yadda ya saba."

"Kai ma ka yarda aka kafa taka a titi?"

"To a ina kake so a kafa ta? Gidan ne babu. Da tana ƙarƙashin gadar can ta zama ƙasa." Tela ya nuna da sandarsa. "Ka ƙirga kuwa? Ni na ƙirga. Goma sha bakwai a cikinsu aikinka ne. Har da tawa, wadda ka yi wata uku kana min yau da gobe."

Injiniya ya duba agogonsa.

"Baba, mai motar yana jira. Mu ɗauki taka mu tafi, rana na yi." Ya dubi ƙofofin ya girgiza kai yana 'yar dariya. "Ni dai har yanzu ban gane ba. An kawo ci gaba an share wuri, wani kuma ya bi ya tattaro ruɓaɓɓun katakai ya zube a tsakiyar gari. Ko itacen girki ba za su yi ba."

Tela ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi Baba, ya koma kan shayinsa.

Baba ya taka zuwa koriyar ƙofar, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Ta ba da sauti mai nauyi.

"Zo ka nuna min inda ta ruɓe."

"A'a Baba, ba haka nake nufi ba."

"Itacen maɗaci ne wannan. Shekararta talatin da biyu. Ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ko gara ba ta taɓa ta ba. Ƙofar gidan da muke ciki yanzu shekararta biyu, ta riga ta kumbura."

Injiniya ya shiga gyara maɓallin hannun rigarsa.

A ƙarshen lungun shuɗiyar ƙofar take. Bahago na tsaye a gefenta da jakar kayan aiki. Da ya ga Baba ya doso sai ya ajiye jakar ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya."

"Ni ne na kafa ta. Ya kamata in zo gabanka in nemi izini kamar yadda na je gaban kowa, ban zo ba. Ba ni da uzuri. Ka yafe min. Yanzu zan cire ta in ɗora a mota."

Auta ta ji ba za ta iya bari ya ɗauki kayan shi kaɗai ba. Ta zo ta durƙusa ita ma, ta bar tazara tsakaninsu.

"Baba, ya tambaya. Sau biyu ya tambaye ni, na ce masa ka yarda. Ni na yi ƙarya. Jiya ya sani."

Baba ya dubi Bahago. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba. Amma da na zo da kaina da hakan bai faru ba."

"Jiya ka san ta yi maka ƙarya, yau kuma kana durƙushe kana ɗaukar laifin."

Bahago ya ƙara sunkuyar da kai.

Baba ya wuce su ya tsaya a gaban ƙofarsa. Ya ɗora tafin hannu a kanta, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya tura.

Ta buɗe da wani dogon kuka mai ƙara. Bayan haka shiru.

Ya ɗaga kai ya duba sama. Babu sifika.

"Ta kowa tana magana. Tawa fa?"

"Auta ta ba ni wani saƙon murya na Mama," Bahago ya ce, kansa a ƙasa. "Wanda ta taɓa turo mata a waya. Ta ce in saka. Na saurara sau ɗaya na ce a'a. Muryar matarka ce, Baba. Ko da ka yarda da ƙofa, wannan sai na ji daga bakinka."

Baba ya juyo a hankali ya dubi Auta.

"Akwai muryarta a wurinki?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Shekara uku ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ko sunanta ba ka son a ambata, Baba. Na ji tsoron in tayar maka da ciwo."

Ya miƙo hannu. Ta lalubo saƙon ta danna, ta ba shi wayar. Ya kara a kunne, amma su ma suna ji sama-sama.

"Auta, in kin taso ki biya ki karɓo min ɗinkina wurin Tela, ki ce masa in bai gama ba ya ba ni yadina. Sannan don Allah ki yi wa babanki magana a kan ƙofar nan. Kina ji? Kin ji kukan da take yi? Mijina kafinta, ya gyara ƙofar kowa a unguwa, tawa na ta ihu kamar an yanka akuya. Ni na gaji da faɗa, ke yake jin maganarki. Sai kin dawo."

Saƙon ya ƙare.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, Auta ta ɗauka kuka ne. Dariya ce, da hawaye a cikinta. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga.

"Da gangan na ƙi gyarawa," ya ce, kamar da ƙofar yake magana. "Ina daga shago in na ji kukan nan na san ta fita ko ta dawo."

Tela, wanda ya lallaɓo da sandarsa, ya ja hanci. "Kuma ɗinkin na gama shi. Sharri ta yi min."

"Sake kunna min," Baba ya ce.

Sau uku ya saurara. Da ya gama bai mayar wa Auta da wayar ba, ya riƙe ta a hannu.

"Ku tashi," ya ce musu. Ya dubi Bahago. "Muryarta ba ta titi ba ce."

"To, Baba."

"Sai yaushe za a kwashe su?"

"Saura mako uku."

Baba ya zagaya bayan ƙofar. Ya tsaya a kan layukan fensir, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan idonsa ya sauka kan firam ɗin da aka kafa ta a ciki, sai fuskarsa ta canza. Ya kama shi ya girgiza. Ya ja da baya ya kanne ido ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ai da gani. Ya karkace zuwa hagu. Kuma ƙusa ka buga inda ya kamata a ɗaure da noti. Iska mai ƙarfi ta taso, ƙofar nan a kan ɗan wani za ta faɗo. Duk haka ka yi sauran?"

"Kusan duka."

"Inna lillahi. A jami'ar ba a koya muku awo ba ne?"

"Zane aka fi koya mana, Baba."

"Buɗe jakar nan in ga abin da ke ciki."

Injiniya ya matso. "Baba, mai motar fa ya ce yana da wani aikin."

"Ka sallame shi," Baba ya ce ba tare da ya juyo ba. "Kai ma ka je, na gode da ɗawainiya. Ka ce wa gwaggonku ta dakata da maganar mako mai zuwa. Ina da aiki a gabana, ƙofa arba'in da ɗaya."

Injiniya ya dubi Auta, kamar yana jiran ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai. Ya yi sallama a sanyaye ya juya.

Baba ya naɗe hannun rigarsa, abin da Auta ba ta ga ya yi ba tun da suka tashi daga unguwar. Ya saka wayarta a aljihun gaba, ya zaɓi abin awo da sukudireba daga cikin jakar, yana yi yana tsaki saboda yadda aka cakuɗa kayan.

"Riƙe min nan. Ba da wannan hannun ba. To, na manta, riƙe da wanda ka iya."

Tela ya jawo kujerarsa kusa, ya tsiyaya shayi ya miƙa wa Auta. "Zauna, 'yata. In ubanki ya fara aiki sai yunwa ta kore shi."

Ta karɓa, amma ta kasa sha. Tana kallon bayan mutum biyun da ta fi so a duniya, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na faɗa, ɗaya na cewa to. Ta san ba a gama ba. Gwaggo na can gida, kuma Baba bai janye maganarsa ta jiya ba.

Baba ya ɗaure noti na farko, ya gwada firam ɗin, ya gyaɗa kai. Sannan, idonsa a kan aikin, kamar ba wata magana ba ce, ya yi tambayar da Auta ta yi wata takwas tana roƙon Allah ya yi.

"Wai kai ɗan gidan waye? Me mahaifinka yake yi?"